Jikana Na Son Ganin Jirgin Ƙasa Mai Hayaƙi, Ina Zan Kai Shi?

Wata Hajiya ce daga unguwar Maamobi da ke Ankara ta ƙasar Gana ta aiko da tambayar wannan mako. Ɗanta da ke zaune a Ingila ya turo mata bidiyo ta WhatsApp: shi da yaransa tsaye a kan wata gada, ga wani baƙin jirgin ƙasa ya taho yana huci yana aman hayaƙi, ya ratsa ta ƙarƙashinsu. Jikanta da take riƙo, ɗan shekara tara, ya yi ta maimaita bidiyon har cajin waya ya ƙare, kuma tun daga ranar ya hana ta sakat, shi lallai sai an kai shi ya gani da idonsa. Ta ce ita ma ta taɓa hawa irinsa zuwa Kumasi tana ƙaramar yarinya. Shi ne take tambaya ko akwai inda yake wucewa a nan kusa.

Hajiya, bari in fara da wadda ba ta da daɗi. Babu jirgi mai tururi da ke tafiya a Ankara a yau, ko a layin Tema ko a na Nsawam. Masu shan dizal sun karɓe aikinsu shekaru da yawa da suka wuce, kuma mu ba mu yi irin dabarar da Turawan Ingila suka yi ba, ta ware wasu a riƙa gyarawa ana fito da su don kallo. Saboda haka kada wani ya karɓi kuɗin motarki da sunan zai kai yaro ya ga mai hayaƙi. Amma kada ki ce masa "babu" ki rufe zancen. Yaron da ya kalli inji sau ashirin bai gaji ba, akwai abin da yake nema, kuma rabin abin yana nan tsakanin madafarki da bakin tsofaffin unguwa.

Ki fara daga madafa. Ki aza butar shayi a kan kurfoti, ki bar ruwan ya tafasa har murfi ya fara rawa yana ƙaraf-ƙaraf. Ki tambaye shi wa ke ɗaga murfin. To jirgin da ya gani babbar buta ce kwance a kan ƙafafun ƙarfe. A bayanta akwai murhu, wani mutum na tsaye da shebur yana zuba kwal ba hutawa. Zafin wutar yana bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa ruwan, ruwa ya tafasa, tururi ya rasa hanyar fita sai wadda direba ya buɗe masa. Ta nan yake tura wani ƙarfe gaba da baya a cikin silinda, ƙarfen ya tura dogayen sandunan nan da ke jikin ƙafafun, ƙafafu su juya. Hucin da yake ji a bidiyon, caf-caf-caf, tururin da ya gama aiki ne ke fita ta bututun sama. In jirgi mai silinda biyu ne, huci huɗu yake yi kafin ƙafa ta zagaya sau ɗaya. Mai silinda uku, shida. Ki sa shi ya ƙirga a daidai inda jirgin ke tafiya a hankali. Ki kuma nuna masa cewa farin abin da ke tashi sama yawancinsa tururi ne, baƙin shi ne hayaƙin kwal da bai ƙone da kyau ba, kuma gwanin mai zuba wuta ba ya son a ga nasa ya yi baƙi. Wannan inji ya fi shan ruwa a kan cin kwal, shi ya sa a da ake kafa manyan tankuna a tashoshi. Ba a kuma tayar da shi da makulli kamar mota: in ya huce, sai an yi sa'o'i ana hura wuta kafin ya iya motsi.

Daga nan sai ku fita neman dogo. Layin bai ratsa Nima ko Maamobi ba, amma bai yi mana nisa ba. Ya tashi daga tsohuwar tashar Ankara da ke jikin kasuwar Kantamanto, ya bi gefen rafin Odaw, ya wuce Circle da Alajo zuwa Achimota. A nan ya rabu biyu. Ɗaya ya miƙe arewa ta Dome da Amasaman da Kotoku zuwa Nsawam, ɗayan ya karkata gabas ta Dzorwulu da bayan filin jirgin sama zuwa Tema. Daga Maamobi, ɓangaren Dzorwulu ya fi kusa kuma ya fi sarari. Daga Nima kuwa trotro ɗaya zai sauke ku a Circle, sai dai cunkoson wajen bai dace da fitar farko da ƙaramin yaro ba.

Kafin ku je, ki ba shi labarin abin da zai gani, don kada ya ga tsatsa da ciyawa kawai. A Sekondi aka fara shimfiɗa dogo a ƙasar nan a 1898, don zinariyar Tarkwa. Ya isa Tarkwa a 1901, ya isa Kumasi a 1903. Namu na Ankara an fara shi a 1909 saboda kokon ƙasar Akuapem da Akyem, bai haɗe da Kumasi ba sai 1923, zamanin Gwamna Guggisberg. Reshen Tema ya zo a 1954, lokacin da ake shirin gina tashar jiragen ruwa. Ke nan dogon ya girmi Nima kanta, domin jirgi na zuwa Kumasi yana dawowa tun kafin Malam Amadu Futa ya sauka da shanunsa a nan a farkon shekarun 1930. Mu mutanen zango kuwa muna da kaso a labarin. A da, fataken goro da jakuna suke tashi daga Gwanja, ta Salaga, su yi watanni kafin su ga ganuwar Kano. Da dogo ya zo sai hanya ta juya: a ɗauko huhun goro a Kumasi a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Ikko, wani jirgin ƙasan ya haura da shi arewa, musamman bayan dogo ya isa Kano a 1911. Alhassan Dantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci ta ruwa kafin ya koma gida ya rungumi gyaɗa. Zangunan bakin teku da na garuruwan da ke kan layi sun yi ƙiba da wannan ciniki.

Yanzu batun ganin jirgi mai motsi. A nan nake roƙonki ki yi abin da ni ban yi ba. Na taɓa ɗaukar ɗan ƙanwata da asubar fari, muka tsaya a gefen layi da kokonmu da ƙosai a leda, muna ta leƙen hanya. Rana ta fito, ta take. Sai wata mai gasa ayaba da ta daɗe tana kallonmu ta ce, "Alhaji, me kuke jira?" Na ce jirgi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in dubi kan dogon. Jajawur yake da tsatsa, har wani ya shanya wanki a kai. Dogon da jirgi ke bi, samansa na ƙyalli kamar an goge shi da toka. In kin ga ya yi ja, an kwana biyu ba a taka shi ba. Jirgin fasinja na tsohon layin Tema, lokutan da yake aiki, na ma'aikata ne, safe da yamma, kuma akan dakatar da shi a daɗe kafin a dawo da shi. An gyara layin an sake buɗe shi a farkon 2019, bayan nan ma ya sha tsayawa. To ki tura wani saurayi tasha ya tambayo kwana ɗaya kafin ku fita, ko a tambayi masu sana'a a bakin layi. Matar da ke kwashe tirenta duk lokacin da jirgi zai wuce ta fi kowace takarda sanin lokacinsa.

In kina son abin da zai cika masa ido, ku nufi sabon layin Tema zuwa Mpakadan. Tsawonsa kimanin kilomita 97, an ƙaddamar da shi a Nuwamban 2024, kamfanin Afcons na Indiya ne ya gina, jiragen kuma daga ƙasar Folan aka kawo su, ƙirar PESA. Ya bi ta Ashaiman da Afienya da Kpong, ya haye kogin Volta a kan gada. In kuna da dangi a zangon Ashaiman, ga dalilin ziyara ya samu, kuma su za su gaya miki ranakun da ake jigila. Ba hayaƙi, ba huci, amma jirgi ne na gaske. Ga wani ɗan wasa da za ku yi in kun dawo: ki aro tef wajen tela, ku zana layi biyu a tsakar gida da alli, tazararsu milimita 1,067. Wannan ne faɗin tsohon dogonmu, ƙafa 3 da inci 6, irin na tsohon layin Najeriya. Sannan ku zana wasu biyu masu tazarar milimita 1,435, faɗin sabon. Da idonsa zai ga dalilin da ya sa jirgin wannan layi ba zai taɓa hawa wancan ba.

Zan ɗan daɗe a kan tsaro, domin a nan ne kawai kuskure ba ya gyaruwa. Mu mutanen Ankara mun raina dogo. Mun saba ganin an baza gwanjo da tumatir a kansa, ana jin ƙaho a janye, ya wuce a mayar. Kada yaro ya ɗauki wannan darasi. Jirgi ya fi dogonsa faɗi sosai, jikinsa na fitowa ta kowane gefe, don haka wanda ya tsaya "a gefe kaɗan" yana kan hanya. Ku ja baya kamar tsawon mota guda daga tsakuwar layin, hannunsa cikin naki. Direba ba shi da sitiyarin kaucewa, kuma ko ya danne birki, jirgin zai ja tafiya mai nisa kafin ya tsaya. A Afrilun 2024, sabon jirgin Mpakadan yana gwaji ya yi karo da wata motar kaya da aka bari a kan layi, kotu ta ɗaure direban motar wata shida. Jirgi sabo fil, da rana tsaka, bai iya tsayawa ba. Sabbin nan kuma ba su da ƙara kamar na da, sai sun zo kusa ake jin su. Kada a toshe kunne da abin jin waƙa. Kada a juya wa layi baya don ɗaukar hoton kai. Kada a aza kwabo ko ƙusa a kan dogo don a ga ya baje, wasan da duk muka yi muna yara, Allah ne kawai ya tsare. Kada kuma ya tsinci ko da ƙaramin noti ya sa a aljihu. Kayan reluwe na gwamnati ne, ana kama mutane a kansu, kuma satar ƙarafan layi na cikin abubuwan da suka durƙusar da jirgin ƙasar nan.

In kun shiga tasha, ki fara gaida ma'aikata ki faɗi abin da ya kawo ku kafin a fito da waya. Tsohon ma'aikacin reluwe in ya ga yaro na tambaya, sai ki ga ya manta da aikin gabansa. A kusa da tashar jiragen ruwa ko filin jirgin sama kuwa, a bar wayar a jaka. Daga kan dakalin tasha, ki sa yaron ya duba gefen dogo ta kyamarar waya, yana jawo hoton kusa. Sau da yawa akwai rubutu a jikin ƙarfen, sunan masana'antar da ta ƙera shi da shekarar. Ya rubuta a littafinsa, da lambar jirgin in ya wuce, da yawan taragu, da lokaci. Da irin wannan ɗan littafi masu kallon jirgi na Ingila suka fara.

Amma in kin tambaye ni inda jirgi mai hayaƙi ya rage a Nima da Maamobi, zan ce miki yana zaune a kan benci a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ke kanki kin hau shi. Kin taɓa ba jikan naki labarin daga farko har ƙarshe? Ki zaunar da shi. Sannan ki haɗa shi da wani babban yaro mai hankali, ki ba su goro da ɗan abin shayi, su je wajen dattawan da suka haura saba'in da biyar. A nemi izini kafin a kunna rikoda. Kada su ce, "Baba, ba mu labarin jirgi," domin amsar da za su samu ita ce, "Ai da can duniya na kwance." Su yi ƙananan tambayoyi. Baba, da wa kuka yi tafiyar? Me kuka ɗauko? A wane tarago kuka zauna, bencin katako ne ko mai katifa? Ina kuka yi sallar azahar? Me ake miƙo muku ta taga a Nsawam, burodin nan nasu ne? Garwashi ya taɓa faɗa muku a ido? Irin waɗannan ne ke buɗe bakin tsoho. Kada a manta da mata, domin su ne suka yi ta hawa da kwandunan kaya tsakanin Koforidua da Nkawkaw da Kumasi, kuma sun fi riƙe farashi da sunayen tashoshi. In an dace da wanda ya yi aiki a reluwe, ko leburan layi ne, a koma masa sau biyu sau uku. Ma'aikatan nan ba ƙananan mutane ba ne a tarihin Gana: Pobee Biney, ɗaya daga cikin jagororin yajin aikin 1950 da ya girgiza mulkin Turawa, direban jirgin ƙasa ne a Sekondi.

Abu ɗaya zan ja kunnen yaran a kai. Wani dattijon in ya fara zancen tafiya, zai gangaro kan 1969, shekarar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, zanguna suka watse, aka rabu da 'yan uwa. In muryarsa ta canza, a kashe rikoda, a bar shi ya faɗi iya abin da yake so.

Don hotuna, taskar mishan ta Basel tana intanet, kuma akwai tsofaffin hotunan dogo da tashoshin zamanin Gold Coast a ciki. A nuna wa tsoho hoto a waya, sai ki ji ya tuno abin da ya shekara hamsin bai faɗa ba. Wanda ya girma yake son zurfafawa, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana Adabraka.

Saura ganin na gaske, in Allah ya kawo tafiya. A yankinmu, Saliyo ce ta yi abin a yaba. Sun rufe layinsu a 1974, amma wasu ma'aikata suka adana kawunan jirage da taragu a tsohuwar ma'aikatar gyara da ke Cline Town a Freetown, aka mayar da wajen gidan tarihi a 2005. Har taragon da aka ƙera don ziyarar Sarauniyar Ingila ta 1961 yana nan. A tsaye suke, ba wuta a cikinsu, amma yaro zai taɓa su da hannu. A Ikko akwai gidan Jaekel a harabar reluwe ta Ebute Metta, ɗan ƙaramin gidan tarihi mai hotuna da kayan aikin da. Nairobi da Bulawayo da Livingstone duk suna da gidajen tarihin jirgin ƙasa. 'Yan uwanmu na Jamus kuwa sun fi kowa sa'a, domin a tsaunukan Harz mai tururi na hawa daga Wernigerode zuwa ƙololuwar Brocken a matsayin jirgin fasinja na yau da kullum.

Shi kuma ɗanki na Ingila, ki isar masa da wannan. Can sun daina amfani da tururi a manyan layuka a Agustan 1968, amma tun 1951 'yan sa-kai suka karɓi ƙaramin layin Talyllyn a Wales suka ci gaba da tafiyar da shi, daga nan abin ya yaɗu. Yau akwai irin waɗannan layuka birjik, yawancinsu a ƙarshen mako da lokacin hutu suke aiki, kuma suna buga jadawalinsu tun da wuri. In yana son bidiyon da zai fi wancan, ya nemi wajen da layi ke hawa tudu ko inda jirgi ke tashi daga tasha, nan ne inji ke aiki da ƙarfinsa, a gangara shiru yake yi. Safiya mai sanyi ta fi fito da farin tururi. Ya lura da inda iska ke kaɗawa ya tsaya ta bayanta, rana kuma ta kasance a bayansa. Kada ya tsallaka shinge ko da taku ɗaya: tarar shiga layi a can tana kai fam 1,000, kuma a Fabrairun 2016, ranar da shahararren Flying Scotsman ya dawo aiki bayan dogon gyara, sai da aka tsayar da shi a hanya saboda 'yan kallo sun hau layi. Wannan jirgi, ƙirar 1923, sa'an layin Ankara zuwa Kumasi ne, kuma mai silinda uku ne, don haka jikanki zai ƙirga huci shida.

Ki kuma ce masa kada ya je da farar jallabiyar Juma'a. Ni na je da tawa sau ɗaya, na tsaya a kan gada daidai saitin bututun, ina murna na sami wuri mai kyau. Da jirgin ya ratsa, duniya ta yi duhu na ɗan lokaci, wani ɗumi mai warin kwal da man inji ya rufe ni, na fito ina tari da ɗigo-ɗigon baƙi tun daga hula har ƙafa. Wanki uku ba su fitar da shi ba. In ya sami irin wannan tsautsayi, kada ya yar da rigar, ya ninke ta a leda ya ba mai zuwa gida ya kawo wa yaron ya sansana.